Jini Namu, Karatu Nasu: Tarihin Masu Bin Salsalar Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro

Gabatarwa

Malaman da suka ƙware wajen nazarin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu suna da dabarar gane asalin kowane kwafi. Idan mai kwafa ya yi tuntuɓen alƙalami, ya tsallake kalma ko ya musanya harafi, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren, sannan ya ƙara da nasa. Bayan shekara ɗari, idan aka jera kwafi goma, wannan daga Sakkwato, wancan daga Katsina, wani daga Agadas, kurakuran da suka yi tarayya a kansu su ne za su nuna wane ya fito daga wane, da kuma hanyar da littafin ya bi.

Ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro ita ma tana ɗauke da littafinta. A cikinta akwai dogon rubutu mai haruffa iri huɗu kacal, wanda masana ke kira DNA, jimlarsa kuwa zan kira ta kundin gado a wannan maƙala. Duk lokacin da ƙwayar ta hayayyafa sai ta kwafe kundin ta ba zuriyarta, kuma jefi-jefi akan sami tuntuɓe a wurin kwafar. Mafi yawan waɗannan sauye-sauye ba sa ƙara mata komai, ba sa rage ta da komai. Amma wani lokaci sauyi guda kan ba ta ikon tsira daga maganin da ke kashe 'yan'uwanta, sai zuriyarta ta cika gari, ta cika ƙasa, ta tsallake teku. Akwai fannin ilimi guda da aikinsa shi ne jera kundayen ƙwayoyi daga wurare daban-daban, a kwatanta su, a fitar da asalinsu da hanyar da suka bi da inda suka dosa.

Manufata ita ce bin salsala biyu a jere: ta ƙwayar cutar, da ta mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen karanta ta. Abin da na fahimta daga tarihin sama da shekara 140 na wannan bincike shi ne, manyan nasarorinsa sun zo ne ta hannun waɗanda suka sami wurin zama, da malami, da shekaru masu yawa ba a tashe su ba. Nahiyarmu, har da ƙasar Hausa, ta ba da jini da sauro a matakai da dama na tafiyar, amma mazaunin mai karatu galibi yana wata nahiya. A da ana iya kallon wannan a matsayin rashin adalci kawai, yanzu kuwa ya zama haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an kamu da ciwon sau miliyan 249, mutum 608,000 suka rasu, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan a Najeriya suke, kusan kashi 6 a Nijar.

Zamanin madubi

A ranar 6 ga Nuwamba, 1880, a asibitin soja na Kustantina da ke Aljeriya, wani likitan sojan Faransa mai shekara 35, Alphonse Laveran, ya duba ɗigon jinin wani soja mai zazzaɓi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga wata halitta tana motsi a ciki. Kafin nan yawancin likitocin Turai sun ɗauka gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo ciwon, daga nan ma sunan maleriya ya samo asali a harshen Italiya. Manyan masana sun yi shekaru suna musanta abin da ya gani. Aikin soja kuma bai bar shi ya zauna wuri ɗaya da madubinsa ba, har ya ajiye kaki a 1896 ya koma Cibiyar Pasteur da ke Faris. Da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1907, rabin kuɗin ya zuba wajen kafa ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a cibiyar.

Ronald Ross shi ma likitan soja ne, yana aiki a Indiya ƙarƙashin mulkin Ingila. Malaminsa Patrick Manson yana Landan, kuma ta wasiƙu sama da ɗari ya yi masa jagora. A ranar 20 ga Agusta, 1897, a Sikandarabad, Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin tumbin sauro. Ba a jima ba aka mayar da shi wani wuri inda ciwon ya yi ƙaranci, sai da Manson ya yi ta kai gwauro yana kai mari kafin a ba shi izinin ci gaba da bincike a Kalkata. A can ne a 1898 ya nuna, ta hanyar gwaji da tsuntsaye, yadda ƙwayar ke fita daga jini ta shiga sauro ta sake komawa jini. A shekarar ce kuma Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar cewa sauron Anopheles ne ke yaɗa ciwon tsakanin mutane.

Akwai sunayen da ba a cika ambata ba a wannan labari. Sauron da Ross ya feɗe a 1897 jinin wani majinyaci mai suna Husein Khan ya sha, ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane cizo. A Kalkata kuma hadiminsa Mahomed Bux ne ke fita neman sauro yana taya shi aikin ɗaki. Haka aka raba aikin tun farko: wani ya ba da jini, wani ya kamo sauro, wani sunansa ya fito a mujalla.

Da sabon ilimin ya iso ƙasarmu, da wata fuska ya zo. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kada sauron da ya ciji 'ya'yanmu ya kai ga Bature. Unguwannin da ake kira GRA a Kano da Zariya da sauran birane suna cikin abin da wannan tunani ya bari.

Ambursa da Garki

A 1954 aka fara gwajin feshin maganin ƙwari a cikin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, gab da lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin kawar da ciwon daga duniya a 1955. Ba a cika shekara biyu ba sai ma'aikata suka lura sauron Ambursa ya daina mutuwa da maganin dieldrin. Aka aika ƙwansa Landan, inda George Davidson ya rene shi, ya nuna a 1956 cewa juriyar gado ce mai bin zuriya. Da ya ci gaba da haɗa sauron wurare daban-daban suna barbara, sai ya ga wani haɗin yana haifar da maza marasa haihuwa, tamkar alfadari. Daga nan aka gane cewa abin da ake ɗauka sauro iri guda ne, jinsuna ne da dama masu kama ɗaya da hali daban. Sauron Kabi ne ya buɗe wannan babi, amma a Landan aka rubuta shi.

Gangamin duniya ya tsaya a 1969 ba tare da ya taɓa mafi yawan Afirka ba. A shekarar ce aka fara babban aikin Garki, a tsohuwar jihar Kano, wadda yau yankin ke cikin Jigawa, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya, ya kai har 1976. An yi feshin propoxur a ƙauyuka 164, an raba magani ga jama'a a wasu daga cikinsu, ana ɗibar jinin dubban mutane a kai a kai, ana ƙirga sauro dare da rana. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina sai ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki inda aka fesa magani. Mario Coluzzi na Roma ya yi nazarin gadon sauron wannan yanki, ya nuna cewa bambancin hali yana tafiya da bambancin gado.

Garki ta kuma nuna cewa ciwon ya bar tambarinsa a jikinmu. Tun 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga mahaifi ɗaya kawai, wato masu AS, sun fi samun kariya daga zazzaɓin. Alan Fleming, malamin ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokansa suka auna kuɗin da aka biya wannan kariya a Garki: kimanin jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da cikakkiyar cutar sikila, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke wuce ƙuruciya a wancan zamani.

A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafin aikin daga Jeniba, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar cuta a manyan jami'o'in duniya suna gwada ƙididdigarsu da alƙaluman Garki. 'Yan ƙasa da yawa sun yi aikin duba jini a madubi, wasu sun kwana a waje sauro na sauka a ƙafafunsu suna kamawa. Da aikin ya tashi, Garki ba ta zama cibiyar bincike ta dindindin da za ta mayar da 'ya'yansu farfesoshi ba.

Kyandir da kulorokwin

Shekaru kusan ɗari bayan Laveran, babu wanda ya iya renon mafi munin ƙwayoyin ciwon, Plasmodium falciparum, a wajen jikin mai rai na dogon lokaci. William Trager na Jami'ar Rockefeller a Amurka ne ya cim ma haka a 1976 tare da James Jensen. Yana da shekara 66, ya kuma shafe sama da 40 daga cikinsu a cibiya ɗaya yana nazarin ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga hanyoyinsu mai sauƙi ce ainun: a sa jini da abincin ƙwayar a faranti, a rufe a cikin tulun gilashi tare da kyandir mai ci, wutar ta rage iskar da ke ciki zuwa yadda ƙwayar ke so. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai an bar masa murhun.

Wannan nasara ta zo a kan gaɓa, domin kulorokwin, magani mai araha da aka dogara da shi, ya fara gazawa. An ga gazawarsa a ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. A 1978 aka gan ta a Gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ta iso Yamma. Binciken Jean-François Trape a Senigal ya nuna mace-macen yara daga ciwon sun ninka sau biyu ko fiye bayan isowarta. Thomas Wellems na Cibiyoyin Lafiya na Amurka ya haɗa ƙwaya mai juriya da marar juriya a cikin sauro, ya bi zuriyarsu sama da shekara goma yana rage wuraren da ake zargi a kundin, har a shekarar 2000 ƙungiyarsa, da David Fidock a gaba, ta gano ƙwayar gadon da ke da alhakin, aka sa mata suna pfcrt.

A 2002 aka yi amfani da dabarar masu nazarin kwafi. Da aka duba shafukan da ke kewaye da sauyin a ƙwayoyi daga nahiyoyi daban-daban, sai aka ga juriyar ta tsiro a wurare ƙalilan ne, kuma irin da ya mamaye Afirka kwafin na Kudu maso Gabashin Asiya ne. Bayan shekara biyu Cally Roper da abokanta suka nuna haka ta faru da wani sashe na maganin Fansidar. Malawi ta janye kulorokwin tun 1993, Najeriya kuwa sai a 2005.

Buɗe kundin

A 1996 aka fara karanta kundin gadon falciparum gaba ɗaya, aka raba aikin tsakanin Cibiyar Sanger a Ingila da cibiyoyi a Amurka. A watan Oktoba na 2002 mujallar Nature ta buga sakamakon: haruffa kimanin miliyan 23, a cikin juzu'i 14, ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 5,300, waɗanda fiye da rabinsu ba a san aikinsu ba a lokacin. Kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun haruffa biyu ne kawai ke maimaituwa, abin da ya sa jera shi ya yi wuya. Ƙwayar da aka karanta, mai laƙabin 3D7, an samo kakarta ne daga wani majinyaci da ke zaune kusa da filin jirgin saman Amsterdam a Holan, wanda bai je ƙasar zazzaɓi ba. Da aka kwatanta kundinta da na sauran daga baya, sai alamu suka nuna Afirka ce asalinta.

Samun hanyar karanta gado ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: daga ina falciparum ta zo? A 1991 wasu masana suka ce daga tsuntsaye. A 1994 Ananias Escalante da Francisco Ayala suka nuna cewa 'yar'uwarta mafi kusa ita ce ƙwayar da ke jikin birin cimfanzi. A 2010 ƙungiyar Beatrice Hahn, tare da Paul Sharp na Edinbura, ta binciki kashin manyan birai na daji kusan samfur 3,000 daga dazuzzukan tsakiyar Afirka, waɗanda tun farko aka tattara yawancinsu don neman asalin cutar ƙanjamau. Suka gano cewa duk falciparum da ke jikin mutane a duniya reshe ne guda daga cikin ƙwayoyin goggon birin da ake kira gorila na yammacin yankin. Dangin waɗannan ƙwayoyi gaba ɗaya ana kiransu Laverania, don tunawa da likitan Kustantina. Shekara kusan 20 aka yi ana jayayya, kowane ra'ayi yana tsayawa har sai an sami samfurin da ya fi nasa yawa da inganci, kuma samfurin da ya raba gardamar mutanen da suka ratsa dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta ne suka tsinto shi.

Abin da Bamako ta nuna

Ba zan yi wa tarihi adalci ba idan na nuna kamar baƙin masana sun zo ne kawai su kwashe. Da yawansu sun yi shekaru a ƙauyukanmu, wasu sun buɗe wa 'yan Afirka ƙofa da gangan. Dominic Kwiatkowski, wanda ya yi aiki a Gambiya kafin ya jagoranci kafa haɗakar MalariaGEN a 2005, ya tsaya a kan cewa masu tattara samfur su ci gaba da mallakarsa, kuma a horar da matasansu kan nazarin bayanan. Amma misalin da ya fi jan hankalina daga Mali yake, ƙasar da ke fama da irin daminarmu da irin talaucinmu.

Ogobara Doumbo ɗan ƙabilar Dogon ne, daga gidan masu maganin gargajiya. A 1992 shi da Yeya Touré suka kafa cibiyar bincike da horarwa kan maleriya a Bamako, da tallafin abokan hulɗa na waje. Tsarinsa shi ne a tura matashi waje ya yi karatu, a kuma tanadar masa ɗakin gwaji da aiki kafin ya dawo. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Abdoulaye Djimdé, mai ilimin haɗa magunguna da ya bar shagonsa ya shiga bincike, ya yi digiri na uku a Jami'ar Maryland. A 2001, shekara guda bayan gano pfcrt, Djimdé ne ya jagoranci binciken da ya nuna, da jinin majinyata a Mopti da Bandiagara, cewa ana iya amfani da sauyin a matsayin alamar gane inda kulorokwin ya daina aiki. Ya koma gida, kuma a 2013 ya jagoranci kafa haɗakar masana na Afirka masu nazarin bambancin gadon ƙwayar. A 2019 haɗakar, da Alfred Amambua-Ngwa ɗan Kamaru a kan gaba, ta buga a mujallar Science nazarin samfur sama da 2,000 daga ƙasashe 15, wanda ya nuna cewa ƙwayar Afirka ba iri ɗaya ba ce: ta Yamma daban, ta Tsakiya daban, ta Gabas daban, ta Habasha kuma ta fita zakka. Doumbo ya rasu a 2018, amma cibiyar tana nan.

Akwai makamantanta. Gordon Awandare ya kafa cibiyar WACCBIP a Jami'ar Gana. Christian Happi, wanda ya fara da nazarin juriyar magungunan maleriya a Badun, shi ne ya jagoranci cibiyar ACEGID a Ede, inda aka karanta kundin ƙwayar korona na farko daga Afirka a watan Maris na 2020. Wanda ya koyi karatu a kan cuta ɗaya ya sami abin da zai tari wata da shi.

Tsanin da ke gaban matashi

Ni da na kammala digirin farko a kimiyyar halittu, a gindin wannan tsani nake tsaye, don haka na ƙirga matakansa. Bayan shekara huɗu na jami'a da guda ta hidimar ƙasa, akwai kimanin biyu na digiri na biyu, da uku zuwa biyar na digiri na uku. Daga nan sai aikin kwantiragi a ɗakin gwajin wani, shekara biyu ko uku, sau ɗaya ko sau biyu, kafin mutum ya sami tallafin da zai tsaya da ƙafarsa. Yawanci yana dosar shekara arba'in kafin ya zama mai ɗakinsa. Fannin kuma yana neman ilimi uku a kai guda: sanin halittar ƙwayar, da lissafin ƙididdiga, da iya rubuta umarnin kwamfuta, domin ba a karanta haruffa miliyan 23 na dubban samfura da ido.

A wurinmu kowane mataki yana da ƙarin nauyi. Ƙwayar da ake reno tana kammala zagayenta cikin awa 48, tana bukatar sabon abinci kusan kullum, ba ta san hutu ko yajin aiki ba, alhali jami'o'in gwamnati a Najeriya sun yi wata takwas a rufe a 2022. Samfura da yawa sai a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili suke zama, kuma 'yan kwanaki babu wuta sun isa su lalata aikin shekaru. Sinadaran gwaji daga waje ake sayo su da dala. Malamin jami'a yana koyar da ɗaruruwan ɗalibai, lokacin bincike sai abin da ya rage. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, mafi yawansu ba su kai ba. Matashin da iyaye da ƙanne ke jiran albashinsa, idan ya zaɓi banki ko kasuwa, ko ya tafi waje bai dawo ba, ba na ganin laifinsa.

Duk da haka akwai ƙofar da ba ta buɗe wa mutanen Garki ba. A 2023 MalariaGEN ta saki bayanan kundin ƙwayoyi sama da 20,000 daga ƙasashe 33, kyauta ga duk mai kwamfuta da intanet. Ɗalibi a Dutse ko Maraɗi zai iya fara koyon karatun ba tare da ya mallaki na'ura mai tsada ba. Abin da ba zai iya saukewa daga intanet ba shi ne malamin da zai duba aikinsa, da albashin da zai riƙe shi shekara goma.

Dalilin gaggawa

Mai karatu na iya cewa, ƙasar da gidan sauro bai wadaci 'ya'yanta ba, ina ita ina karatun gado? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin abin da ke faruwa yanzu. Maganin da ya maye gurbin kulorokwin tushensa atemisinin ne, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970. A 2008 da 2009 aka ba da rahoton cewa ya fara jinkirin aiki a yammacin Kambodiya. A 2014 masanan Cibiyar Pasteur da abokansu suka gano alamar juriyar a ƙwayar gado mai suna kelch13, bayan an shafe shekara biyar ana ɗanɗana wa wata ƙwaya maganin a ɗakin gwaji. Kowa ya zuba ido ga hanyar Asiya, kamar yadda aka saba. Sai ga Aline Uwimana ta Ruwanda da abokanta sun nuna a 2020 cewa juriyar ta tsiro a ƙasarsu da kanta, ba baƙuwa ba ce. Aka ga wasu ire-irenta a arewacin Yuganda da Iritiriya. A Iritiriya ɗin kuma ƙwayoyin da suka zubar da sashen gadon da gwajin gaggawa ke ganewa sun yi yawa, har hukuma ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016, domin mai ciwo na gwadawa a ce masa lafiyarsa lau.

Gemun maƙwabci ya kama da wuta, namu ma akwai hayaƙi. Miliyoyin yara a yankin Sahel, har da arewacin Najeriya da Nijar, ana ba su maganin rigakafi wata-wata a damina tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, kuma ɗaya daga sinadaransa shi ne na Fansidar, wanda ake ba masu juna biyu. Wani sabon sauyi a ƙwayar gadon da wannan sinadari ke kai wa hari, a Landan aka fara bayyana shi a 2009, daga jinin matafiyan da suka kamu da ciwon a Najeriya, kafin a tabbatar da shi a nan gida da kuma Kamaru. Allurar rigakafin RTS,S kuwa a kan rubutun ƙwayar nan ta Holan aka gina ta, kuma wani bincike na 2015 ya nuna ta fi kare yara daga ƙwayoyin da suka yi daidai da wannan rubutu, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a wuraren gwajin. 'Yar'uwarta R21 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Gidan sauro da magani da allura duk suna matsa wa ƙwaya da sauro lamba su sauya, kuma wanda ba ya karanta sauyin zai ci gaba da sayen abin da ya daina aiki, kamar yadda aka yi da kulorokwin.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya ne, kuma abin da wannan waiwaye ya nuna mini bai da sarƙaƙiya. Ross ya sami Manson, Trager ya sami shekara 40 a wuri ɗaya, Wellems ya sami wanda zai biya shi sama da shekara goma kafin ya kawo amsa, Djimdé ya sami ɗakin da zai dawo. Ana iya sayen na'urar karanta gado cikin wata guda, amma mai karatun sai an rene shi. Saboda haka abin da nake ganin ya kamata gwamnatocin jihohin da ciwon ya fi addaba, da jami'o'inmu, da masu hannu da shuni su fara da shi shi ne guraben aiki na dindindin ga matasan masu bincike, da wutar da ba ta yankewa a ɗaki ɗaya ko biyu, da yarjejeniyar cewa duk samfurin da zai fita ƙasa, ɗalibi zai bi shi ya koyi karanta shi, ya kuma tarar da kujerarsa idan ya dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara 70 ke nan da aka aika ƙwan sauron Ambursa Landan, kuma a damina mai zuwa za a sake ɗibar jinin yara a Kebbi da Jigawa da Damagaram. Ya dace a ce cikin waɗanda za su karanta shi akwai wanda ya san sunan ƙauyen da aka ɗebo shi.